Shafi Huɗu na Kawu Mukhtari

Kura,
12 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga 'yata Zuliha, Injiniyar Ruwa ta ƙasar Holan da kewaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina mai baƙin cikin sanar da ke, da duk Baturen da abin ya shafa, rasuwar haƙorina na can ƙurya ta hagu, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a hannun Hamma wanzami, bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗoriya a bakin aiki. Ya bar 'yan'uwa ashirin da bakwai, biyu daga cikinsu suna kwance. Ba a zaman makoki, amma ana karɓar nama mai laushi.

Ban da wannan kowa lafiya. Na je Bunkure ranar Juma'a. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi. Malam mahaifinki yana nan da ɗalibansa, sau uku yana tambayata ko kina gane alƙibla a can. Kin san bai so tafiyar nan ba. Sawu bakwai na yi zuwa zaurensa kafin ya ce, "To Mukhtari, amanarta tana wuyanka." Saboda haka in ba za ki yi karatu don kanki ba, ki yi don wuyana.

Na karanta kukanki. Kin ce ba mai gaishe ki a hanya, kuma malamai suna so a kira su da gundarin sunansu kamar abokan wasa. Ni na yi aiki da mutanen nan tun ba a haife ki ba, lokacin da suke auna ƙasar nan za a haƙa kanal, magudanar ruwan noman rani. Ba mugunta ba ce. Bature ya ɗauki gaisuwa kamar kanwa a miya, kaɗan ta ishe shi. Sunan malami kuwa kada ki kama. In ya matsa, ki yi tari.

Sai aikin da aka ba ki, wai ki rubuta yadda ake rabon ruwa a gonakin rani na ƙasarku, kin rasa ta inda za ki fara. Ai kin kawo kuka gidan mutuwa, mu ne masu abin. Shekara ashirin da takwas ina buɗe ƙofar ruwa ina rufewa tsakanin Kadawa da Bunkure, na san wanda ke satar ruwa da wanda ake sace wa. Ga shafi huɗu nan na rubuta miki da Turanci, a zama ɗaya, da ka, ban buɗe littafin kowa ba. Bayanin da nake yi wa duk baƙon da aka kawo ofis ke nan, har wani babba ya taɓa tafa mini. Ki sa shi yadda yake. Kin yi hadda a gaban mahaifinki, kin san ba a yi wa karatu kwaskwarima. Kuma kada ki sa sunana. 'Ya ba ta rattaba sunan kawunta a takarda sai ka ce sammaci. Abin da ke aljihuna naki ne.

Wayar hannu da kika ce in saya, ba zan saya ba. Na ga Ibrahimu mai injin casa yana hawa kan buhunan shinkafa yana ihu don a ji shi a Kano. Wasiƙa ba ta sa dattijo hawa buhu.

Kawunki,
Mukhtari.

*

Holan,
8 ga Nuwamba, 2003.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Mairama da yara. Allah ya jiƙan haƙori, ya ba na baya lafiya. Ni ma lafiya, sai mura da ta ƙi tafiya.

Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai. Na miƙa aikin ranar Alhamis. Shafukanka huɗu suna tsakiya, ban taɓa ko ɗigo ba. Nawa Turancin a kusa da su kamar jaki ne kusa da doki.

Akwai abin da ban rubuta wa mahaifiyata ba, kai zan faɗa wa. Kawu, garin nan a ƙarƙashin teku yake. Na karanta haka tun a gida, amma karatu daban, gani daban. An kai mu mu ga ganuwar da ta tare ruwan. Ina tsaye a kan titi na ɗaga kai, sai ga jirgin ruwa yana wucewa sama da ni. Mu a gida roƙon ruwa muke, na ƙarshen kanal har faɗa suke a kansa. Su a nan korarsa suke da injina, ba hutawa. Ɗakina a ƙasan bene yake, tagar daidai da takalman masu wucewa. Duk lokacin da na'urar ɗumama ɗaki ta yi shiru sai in ɗauka wancan injin korar ruwa ne ya tsaya. Na san wauta ce. Sanin bai hana ba.

Azumi ya same mu. Gajere ne, ƙarfe biyar an sha ruwa, amma ban taɓa yin mai nauyinsa ba. Ba kiran salla, takarda nake dubawa da agogo. Ranar farko a cikin aji na buɗe baki, da dabino ɗaya a ƙarƙashin tebur, kamar mai laifi.

Ajin ma tsoro yake ba ni. Ɗalibi zai ce wa malami a gaban kowa bai yarda da maganarsa ba, malamin kuma ya yi murna. Rannan wani malami ya tambaye ni me nake gani a kan wata matsala. Na mayar masa da abin da ya koya mana makon jiya, kalma da kalma. Ya ce ya san abin da shi ya faɗa, nawa yake tambaya. Aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, amma tun ranar ban ƙara magana ba. A jami'armu ta gida wanda ya mayar wa malami maganarsa daidai shi ke cin jarrabawa. A nan ban san me ake so da ni ba.

Na sami ƙawa ɗaya, Asta, Bafulatana ce daga Kamaru, tana jin Hausa kaɗan. Akwai kuma wani tsohon farfesa da ya yi ritaya, ana kiransa ya duba aikin da ya shafi ƙasashenmu. Ya tsayar da ni a matakala ya ce mini "Sannu da aiki" da Hausa, wai ya zauna a wajen Kano yana saurayi. Na durƙusa in gaishe shi, ya yi tsalle zai tare ni, ya ɗauka faɗuwa na yi.

A sa ni a addu'a a goman ƙarshe.

'Yarka,
Zuliha.

*

Holan,
9 ga Disamba, 2003.

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan an yi salla lafiya. Ban ga amsarka ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Murar ta tafi.

Ranar Litinin tsohon farfesan nan ya kira ni ofishinsa. Aikina yana gabansa, ya ja layi a gefen shafukan nan huɗu. Ya ce tun da yake duba aikin ɗalibai bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya karanta layin farko da ƙarfi, sannan ya kife takardar ya ci gaba da ka, har layi biyar ko shida. Ya tambaye ni a ina na samo. Na tuna abin da ka ce, na yi shiru. Ya ce to, zan yi bayani a gaban kwamiti ranar sha huɗu ga Janairu.

Sun ba ni takarda mai hatimi. Akwai wata kalma a ciki da ban san yadda zan rubuta maka ita ba. Asta ta ce ba kowa ake kira gaban kwamitin nan ba, a shekara bai fi mutum biyu ko uku ba.

Tun ranar abinci ba ya shiga. Kawu, me zan ce musu? Don Allah kada a faɗa wa Malam tukuna.

Zuliha.

*

Kura,
27 ga Disamba, 2003.

Zuwa ga Zuliha, wadda ta kai Turancin Kura har gaban kwamiti.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mairama tana fama da tari, ni kuma ina fama da masu alkama na ƙarshen kanal, waɗanda suka yi imani ni nake shanye ruwansu. Tumatir ya fara fita, a kasuwar Kwanar Gafan kwanduna sun fi mutane yawa.

Wasiƙunki biyu sun zo a jere. Ta farko na karanta na ce yarinyar nan teku zai kashe ta da tunani. Ta biyu na karanta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Farfesa guda, mai furfura, ya haddace maganata har yana kife takarda yana yi da ka. Mutum biyu ko uku a shekara. Ke kuma kin daina cin abinci. Kunyar gidanku ta yi yawa, tun kina ƙarama in aka yabe ki sai ki shige bayan ƙyaure. Kalmar da ta gagare ki fassarawa kada ta dame ki. Turawa suna da manyan kalmomi na karramawa, wasu ma daga Latin suke, na gan su a littattafai.

Kin ce kada a faɗa wa Malam. Na saɓa miki. Abin alheri ba a rufe shi da faifai. Na je Bunkure na karanta masa a zaure, a gaban mutane wajen goma sha biyu. Kin san shi da yabo, ba ya yi da baki, amma washegari ya sa an toya waina an raba sadaka. Har ya ce wa mahaifiyarki in ƙanwarki Fa'iza ta gama sakandare ita ma a duba mata. Wannan daga bakin Malam Isiyaku ya fi tafin Turawa dubu.

Ga abin da za ki yi a gaban kwamiti. In sun tambayi mai shi, ki ce naki ne. Na riga na ba ki, kyauta kuma ba ta komawa. Ba na son a zo ana nemana a jarida da tsufana. Ki sunkuyar da kai, kada ki zuba wa manya ido, kada ki yawaita magana. Bature yana ganin girman mai nutsuwa, ko da shi ba shi da ita. In sun ba da lambar yabo ta ƙarfe, ki riƙe. In ta ci ce, ki tuna da marayun haƙorana.

Ki ci abinci.

Kawunki,
Mukhtari.

*

Holan,
15 ga Janairu, 2004.

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya ba Inna Mairama lafiya. Jikina lau.

Laifina ne da ban fito fili ba. Kalmar da ke cikin takardar na san ma'anarta sarai. Sata take nufi, satar rubutun wani. Hannuna ne ya kasa rubuta wa kawuna ita. Na ɗauka za ka gane.

Wasiƙarka ta iso saura kwana biyu a zauna. Na karanta, na ga ba ka gane ba, amma na ce a raina kai ka san mutanen nan, kuma kai ka rubuta abin da hannunka, wataƙila tsohon ne ya ruɗe. Sai na yi yadda ka ce.

Mutum uku ne a kan tebur, mace ce shugabarsu, tsohon yana gefe. Sau uku ta tambaye ni wa ya rubuta shafukan, sau uku na ce nawa ne, kaina a ƙasa. Ta ce in ɗago in dube su. Na kasa. Daga baya Asta ta gaya mini a nan wanda ya ƙi kallon ido, mai gaskiya ne ko marar gaskiya, an gama da shi.

Sai tsohon ya buɗe jaka ya fito da wani littafi mai koren bango, bugun tafireta, an rubuta 1975 a kansa. Rahoto ne a kan aikin ruwan wajenmu, da sunansa a jiki. Ya buɗe ya tura mini. Shugabar tana karanta nawa da ƙarfi, ni ina bin nasa da yatsa. Kawu, ba kalmar da ta saɓa. Akwai wani ƙaramin kanal da ya ce ya yi kuskure a tsawonsa, ya sa kilomita tara maimakon shida. Taran tana cikin nawa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi kwafewar ba ta ba shi mamaki kamar yadda na dube tebur na ce nawa ne ba.

Sun tambaya ko wani ya taimake ni. Ban kama sunanka ba. Sun ba ni zuwa ashirin ga Fabrairu in kawo bayani a rubuce, da hujja in akwai. In babu, za a kore ni. In an kore ni tallafin karatu ya yanke, takardar zama ma ta mutu, sai in bar ƙasar cikin 'yan makonni. Kuma za a rubuta dalilin a takardata.

Ba na cewa ka yi kuskure. Abin da idona ya gani nake faɗa maka. Na fito daga ginin ƙarfe biyar, gari ya riga ya fara duhu, na tsaya a kan gada na rasa hanyar ɗakin da nake bi kullum. Ba abin da ke zuwa mini a rai sai wainar da Malam ya raba.

Ka rubuto da wuri, don Allah.

Zuliha.

*

Holan,
3 ga Fabrairu, 2004.

Kawu,

Barka da salla. Ina fata an yi layya lafiya. Mu a nan ranar ta wuce kamar kowace Lahadi.

Kwana goma sha tara ke nan, ba amsa. Kullum sau biyu nake buɗe akwatin wasiƙa. In fushi ka yi, ka yi haƙuri, ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba. In kuma rashin lafiya ce, wannan ya fi tayar mini da hankali.

Sau biyu ina ɗaukar waya zan kira lambar Ibrahimu ya kai maka saƙo. Sai in tuna a kan buhu zai tsaya ya maimaita kowace kalma da ƙarfi, duk masu casa suna ji. Na ajiye.

Asta ta ce in kai musu wasiƙarka ta Oktoba da shafukan da hannunka, a wuce wurin. Ta ce kai ba a ƙasarsu kake ba, ba abin da za su yi maka. Na ce mata ba ta gane ba. In na kai, na tsaya gaban baƙi na ce kawuna ne ɓarawon. Kai ka tsaya mini a zauren Malam lokacin da ba wanda ya tsaya. Ba zan yi ba. Na yanke shawara zan rubuta musu cewa laifina ne ni kaɗai.

Na fara haɗa littattafan aro zan mayar. Ba jirgin nake tsoro ba. Hanyar nan daga Kano zuwa Bunkure nake tsoro, da sallamar da zan yi a ƙofar zaure.

Zuliha.

*

Kura,
11 ga Fabrairu, 2004.

Zuliha,

Lafiya muke, ba fushi, ba ciwo. Mabuɗin akwatin gidan waya yana hannun akawun ofishinmu, shi kuma ya tafi salla ƙauyensu ya zarce da bikin ƙanensa. Jiya ya ajiye mini wasiƙunki biyu a tebur yana murmushi. Allah ya sa yana da sauran kwana.

Kada ki rubuta musu komai. In kin rubuta ki yaga.

Tsohon nan naki Bature Mai Lofe ne. Ashe yana raye. Dogo, mai ɗan ɗingishi, ko? Haka manoma suka sa masa suna. Ni ne tafintansa shekara biyu. Da ya zo ƙasar nan bai san jigawa da fadama ba. Wa ya zaga da shi gona gona? Wa ya zaunar da tsofaffin Kura suka gaya masa inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda kanwa ke tasowa? Yanzu shi ne zai fito da koren littafi ya ce 'yata ta yi masa sata. Na karanta tarihi, na san yadda suke yi. Su ɗauki abinka su yi masa bango, ka dawo kana aro.

Ina da hujja. Tun a lokacin na rubuta bayanin nan a wani littafin rubutu mai jan bango. Mun juye ɗaki ni da Mairama, ta same shi a ƙasan akwatinta, an naɗe shi da tsohon zane, gara ba ta taɓa ba. Hannuna ne daga farko har ƙarshe. Ban tsaya karantawa ba, mutum ba ya bitar sunansa, kuma mota tana jira. Zan shiga Kano yanzu in ba masu kai saƙon gaggawa, sun ce kwana biyar.

Ki kai musu shi, da wasiƙata, da shafukan. Na janye maganar suna. Ki faɗi sunana, ki faɗi na ubana in sun tambaya. Ki ce Mukhtari na Kura ya ce a gwada a ga wanda ya riga wani.

In kin ga rubutun nan ya karkace, sauri ne. Ban je Bunkure ba, ba kuma zan je ba sai na ji daga gare ki. Amanarki a wuyana take, ban manta ba. Rabon da in ci abincin kirki tun jiya da hantsi.

Mukhtari.

*

Holan,
21 ga Fabrairu, 2004.

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna Mairama, a yi mata godiya ta musamman. Lafiyata ƙalau. Bari in fara da abin da kake jira: ba a kore ni ba.

Littafin ya iso ranar Talata. Na zauna na karanta shi duka. Ba shafi huɗu ba ne kawai, rahoton ne gaba ɗaya, da hannunka mai kyau, har da lambobin shafi. Da na kai ƙarshe na ga rubutun ajami a cikin bangon baya, irin wanda masu kwafe littafi suke rufewa da shi, kamar na littattafan kakanmu da ke zauren Malam. Ga abin da ka rubuta:

"An gama kwafe wannan littafi ranar Alhamis cikin watan Rajab, da hannun Mukhtari ɗan Abdu. Mai magana Bature Mai Lofe, ni dai alƙalami ne. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta."

Kwana biyu ina kallon layukan nan. Ba wanda zai iya karanta su a ɗakin kwamitin sai ni. Na yi tunanin in yi shiru a kansu in faɗi saƙonka yadda ka aiko. Har na yi tunanin in ɓamɓare bangon. Amma na riga na yi musu ƙarya sau uku, na ga abin da ta haifa.

Jiya na ajiye komai a gabansu. Na karanta ajamin da Hausa, na fassara. Na faɗi sunanka a gaban mutane, abin da bakina bai taɓa yi ba, ka yafe mini. Na dube su ido da ido. Na gaya musu yadda ake karatu a gidanmu, da abin da ya sa ban kama sunanka ba tun farko, da cewa na ce nawa ne alhali na san ba nawa ba ne. Shugabar ta ce wannan na ƙarshen shi suke jira su ji.

Tsohon ya daɗe riƙe da littafin. Ya ce ya tuna saurayin da ya ari rahoton wai zai koyi Turanci, ya dawo da shi bayan mako biyu da tabon manja a shafi ɗaya. Ya tambaya ko kana raye. Na ce kana nan, kana buɗe ƙofar ruwa.

Hukuncin: aikin ya faɗi, ba ni da maki ko ɗaya a kansa. An rubuta mini gargaɗi, in aka sake kama ni ba zama. An ba ni mako shida in sake rubutawa da bakina.

Da muka fito na bi shi har matakala. Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na tambaye shi, sunayen ƙasa da wuraren da ruwa ke kwanciya da suke cikin rahotonsa, wa ya gaya masa, kuma me ya sa ban ga sunan kowa daga Kura a ciki ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce wannan da nawa laifin ba ɗaya ba ne. Ya sauka matakala biyu, ya tsaya, ya ce, "Kusan ɗaya ne." Ya karɓi adireshinka.

Tsoron bai tafi duka ba. Har yanzu ina kasa kunne ga injin. Yanzu kuma ga farar takarda a gabana, shafi huɗu, ba wanda zan mayar wa maganarsa. Zan aiko maka da tambayoyi. Ka amsa da Hausa, abin da ka gani da idonka a bakin kanal, ba abin da ake karanta wa baƙi ba. Kuma zan sa sunanka a ciki, ko kana so ko ba ka so. A nan haka ake girmama mutum.

Maganar Malam kuwa ban san yadda za a yi ba.

'Yarka,
Zuliha.

*

Kura,
10 ga Maris, 2004.

Zuliha,

Lafiya muke. Alhamdu lillahi.

Maganar Malam an yi ta. Na je Bunkure jiya bayan la'asar, na jira zauren ya cika kamar wancan karon, na faɗa musu komai a tsaye. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko ke da bakinki kika karanta musu ajamin, na ce e. Ya ce to ki zauna ki gama karatunki. Ni kuwa bai ce mini in zauna ba, ban kuma zauna ba.

Shekara ashirin da takwas ina faɗin maganar wani da muryata har na manta da mai ita. Wannan tsakanina da Allah ne. Amma da kika rubuto kina tsoro na karanta yabona a ciki, na ce ki sunkuyar da kai ki ce naki ne. Ban yi daidai ba, 'yata. Ki yafe mini.

Aiko da tambayoyin.

Kawunki,
Mukhtari.